Rigar Sanyin Baba

"Baba, don girman Allah ka cire rigar nan!"

"Ba zan cire ba."

"Ka dubi yadda kake zufa fa..."

"Jikinka ne ko nawa?"

Auta ya share goshinsa da bayan hannu. Tun asuba aka ɗauke wuta. Fankar falo ta tsaya cik a sama, shi kuwa gyaran fanka ce sana'arsa, amma yau ba abin da iyawarsa za ta yi masa. Bango ya yi zafi, kujeru sun yi zafi, ruwan tulu ma ya koma kamar an ɗora shi a wuta.

A cikin wannan zafin Baba ke zaune, sanye da rigar sanyi ta ulu mai kauri, ruwan toka, hannun hagu ya fi na dama tsawo.

Mama ce ta saƙa ta. Da farko lokacin sanyi aka sa bikin Auta, sai ta ce za ta yi wa mijinta rigar da zai shiga taro da ita. A gadon asibiti ta ƙarasa saƙar, idonta ya riga ya raunana, shi ya sa hannuwan ba su zo daidai ba. Ba ta ga bikin ba, Allah ya yi mata rasuwa. Aka ɗaga shi, ya faɗo tsakiyar bazara.

Da safe an ɗaura aure, Baba ya je da rigar, ba wanda ya iya yi masa magana. Yanzu saura liyafa a ɗakin taro mai rufin kwano, ga rana ta take tsaka. Likita kuwa ya sha faɗa musu cewa hawan jinin Baba ba ya son zafi ko kaɗan.

Waya ta yi ƙara. Yayan amarya ne.

"Ango, kana ina? Mutane sun cika, suna ta narkewa kamar kitse! Mai gyaran fanka guda, ka bar surukanka suna fifita da kwali?"

"Ga mu nan, Yaya. Yanzun nan..."

"Tun ɗazu kake cewa yanzun nan!"

Auta ya kashe wayar. Babbar yayar Auta ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Ka tafi kawai. Ni zan zauna da shi."

"In shiga taron aurena ba uwa, kuma ba uba? Haba Anti!"

"To ka fi so ya faɗi a gaban jama'a?"

"Ina jin ku," in ji Baba. "Kunnena bai mutu ba. Na yi mata alkawari zan sa rigar nan ranar auren Auta. Da ita zan je. Ku tashi mu tafi."

Ya dafa kujera ya miƙe. Ya yi taku kaɗan zuwa ƙofa, yana buɗewa iska mai zafi ta bugo shi kamar an buɗe tanda. Sai Auta ya ga gwiwoyinsa sun lanƙwashe.

"Baba!"

Da ƙyar ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Suka mayar da shi kujera. Anti ta jiƙo tawul ta ɗora masa a wuya, ta kai masa kofin ruwa baki. Leɓɓansa sun bushe, numfashinsa na fita sama-sama. Auta ya kama bakin rigar a hankali zai ɗaga, sai Baba ya damƙe ƙirjinta da hannu biyu. Tsohon da ya kasa tsayuwa da ƙafarsa, amma riƙon nan ba mai ɓamɓare shi.

"Kada ka taɓa," ya ce da dasasshiyar murya. "In ka cire min ita da ƙarfi, ban yafe ba."

Auta ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya durƙusa a wurin, hawaye da zufa suka haɗu a fuskarsa. In ya bar rigar, zafi zai iya tafiya da mahaifinsa. In ya cire, ga abin da aka ce masa.

Waya ta sake ƙara. Wannan karon amarya ce.

"Masoyi... lafiya? Kowa ni yake kallo."

"Ki yi haƙuri, sanyin idona. Baba ne. Rigar Mama... ya ƙi cirewa, yanzu ma ya kusa faɗuwa. Ba zan iya barinsa ba, wallahi ba zan iya ba."

Sai ƙit, ta kashe.

Ta jira shi da aka ɗaga bikin, ba ta taɓa ce masa uffan ba. Yau kuma ya bar ta ita kaɗai a gaban danginta. Ya shiga yi wa Baba fifita da murfin kwali.

Bai san tsawon lokacin da ya wuce ba, sai ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Labule ya ɗaga. Amarya ce, ta tattare doguwar farar rigarta a hannu ɗaya, takalmanta a ɗayan. Kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi duk ta zubo, baƙin kwalli ya yi mata layi a kumatu.

Ba ta ko dubi Auta ba. Ta wuce ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, sannu."

Ya buɗe ido. "'Yata... me ya fito da ke cikin wannan rana?"

"Rigar nan na biyo." Ta taɓa dogon hannun. "Ka tuna wa ya riƙe wa Mama ƙullin zare a asibiti? Ni ce. Na ce mata, Mama, hannun nan ya yi tsawo. Ta ce in rufe mata baki, mijinta dogo ne."

Wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce wa Baba.

"Alkawarinka ka cika shi, Baba. Da ita aka ɗaura auren nan, kowa ya gani. Ni ce dai ban samu komai daga hannunta ba. Duk amarya uwar miji na rungume ta, ni ban da..." Muryarta ta karye. "Ka yafa min ita. Da hannunka. In shiga taro da ita."

"Ke! A wannan zafin? Ai sai ki suma!"

"To kai fa, Baba?"

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali yatsunsa suka saki.

"Auta... zo ka taimake ni."

Rigar ta fito jiƙe sharkaf, ta yi nauyi. Anti ta yi maza ta shafe masa ƙirji da baya da ruwa. Baba ya ja dogon numfashi, ya sake ja, har aka ga fuskarsa ta fara dawowa. Ya ɗaga rigar, ya yafa wa amarya a kafaɗa, a kan farin leshinta. Ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka.

"Ya isa, ya isa," in ji Baba bayan ɗan lokaci. "Sauke ta haka nan, kada a ce na dafa wa mutane 'ya."

Sai a sannan ta juyo ta harari Auta da jajayen idanu.

"Kai kuma ango, ka tsaya kana kallona? Riƙe min takalma!"

Sai da rana ta ɗan karkata, Baba ya sha ruwa ya huta, sannan suka shiga ɗakin taron. Amarya na gaba da rigar ulu a ninke a kan hannunta, Auta na riƙe da Baba, wanda ke cikin 'yar shara-sharar riga. Yayan amarya ya taso da faɗa a bakinsa, da ya ga fuskar ƙanwarsa sai ya haɗiye, ya miƙa wa Baba kwalin da yake fifita da shi.

Amarya ta sa aka kawo kujera ɗaya aka ajiye kusa da ta Baba. Ta shimfiɗa rigar a jikinta, ta gyara mata kafaɗu, sannan ta je ta zauna kusa da mijinta.

Har aka tashi taro, duk sanda Auta ya waiga, sai ya ga Baba zaune lafiya lau yana murmushi, hannunsa riƙe da dogon hannun rigar.