Ka Mayar da Abin da Ka Kashe?

Ana gab da kiran magariba Oga ya leƙo ofishinmu, jaka a kafaɗa, ya ce in sauka ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, in gama da matsalar nan kafin gobe. Asibitin da muke riƙe wa rumbun bayanai sun kira sau uku. Kullum da faɗuwar rana sai komai ya tsaya musu cak, masu ba da magani su yi ta danna kwamfuta ba ta motsi.

Na san inda ciwon yake. A cikin rumbun akwai wani ɗan umarni da muke kira tiriga. Kamar tarkon ɓera yake: yana kwance shiru, da zarar likita ya rubuta wa majiyyaci magani sai ya tashi da kansa, ya duba ko jikin mutumin yana ƙin maganin, in haka ne ya hana. To, kwanan nan saba ta fara tayar da shi ba tare da kowa ya rubuta komai ba. Sai ta kira shi a kan layin da ba kowa a ciki, shi kuma ya tsaya jiran sunan da babu, duk asibiti su taru a bayansa.

Wanda ya rubuta tirigan nan shi ne Malam Sannu-sannu. Mu muka laƙaba masa sunan, don kafin ya danna maɓalli ɗaya sai ya karanta sau uku, sannan ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa sau biyu. Muna tsokanarsa cewa kafin ya gama gyara ɗaya an haifi jariri an yaye shi. Shi ya koya mini aikin nan, kuma ni na ci amanarsa.

Wata takwas da suka wuce ne. Ina kwashe tsofaffin bayanai, tirigan yana ja mini lokaci, sai na kashe shi don in gama da wuri. Malam ya tafi salla ya bar kwamfutarsa a buɗe, ni kuwa ƙyuya ta hana ni tashi zuwa tawa, na yi aikin da sunansa. Da ya dawo ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa kullum: "Ka mayar da abin da ka kashe?" Ina saka takalmi na ce na mayar. Kwana uku tarkon yana kashe. Aka ba wata mata maganin da jikinta ba ya so, ta yi sati biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Da aka buɗe rajistar kwamfuta don a ga wanda ya kashe tirigan, sunan Malam aka gani. Aka tara mu, aka tambaya, na sunkuyar da kai kamar ruwa ya cinye ni. Malam bai yi musu ba, aka sallame shi, ya kwashe kofinsa da tabarmar sallarsa ya tafi. Bayan wata huɗu muka kai shi makwancinsa.

Maigadi yana alwala a bakin matakala lokacin da na wuce.

"Ɗan'uwa, yanzu za ka shiga? Ka bari a yi salla mana. Ba a shiga ɗakin da ba kowa a wannan lokaci."

"Baba, minti goma ne," na ce.

"Haka kowa ke cewa," ya amsa, ya ci gaba da wanke ƙafa.

Ɗakin saba yana ƙasa, ba taga. Sanyi kamar cikin firji, fankokin injina suna ta gurnani, ƙananan fitilu kore suna ƙifta ido. Na ja kujera na zauna. Ban ɗauki lokaci ba na gano laifin: tun watannin baya saba ta riƙe wani kira guda a layin jira, ta kasa zubar da shi, kwanan nan kuma kullum sai ta maimaita shi. Gyaran bai wuce layi biyu ba. Amma sai na duba ranar da kiran ya maƙale, da sa'ar. Daidai lokacin da na ce wa Malam na mayar ne.

Ƙa'idar kamfaninmu ita ce ba a shigar da gyara sai an rubuta dalili, kuma wani ma'aikaci na biyu ya duba ya amince. Na yi niyyar in rubuta dalilin, gobe Oga ya sa hannu. Na rubuta: kuskuren tsohon ma'aikaci.

Na danna. Rubutun ya goge kansa.

Na sake rubutawa. Ya sake gogewa, harafi bayan harafi, daga ƙarshe zuwa farko, a hankali, kamar mai gogewar ba ya sauri.

Sai na ji ƙamshin man zafi. Irin wanda Malam yake shafawa a wuya saboda sanyin ɗakin nan. Da farko kaɗan ne, sannan ya cika mini hanci har idona ya kawo ruwa.

Fankokin suka yi shiru, duka a lokaci ɗaya. Ban taɓa jin ɗakin nan ba ƙara ba. Can sama, nesa, ana kiran salla.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna da nauyinsa.

Ban waiwaya ba. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina, harshena yana sarƙewa. A baƙin gefen allon kwamfuta ina ganin inuwar kafaɗata, kuma a bayanta akwai wata kafaɗar.

Ƙwas. Ƙwas. A kan teburina, dab da hannuna.

"Ka mayar?"

Raɗa ce, a saitin kunnena, numfashin mai sanyi.

Na tashi da gudu na cafki ƙofa. Hannun ƙofar ya ƙi juyawa. Na buga, na kira maigadi, muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Fitilu kore suka fara mutuwa, layi bayan layi, suna nufo ni. Allon kwamfuta kaɗai ya rage, da gurbin dalili a buɗe.

"Ka mayar da abin da ka kashe?"

"Ban mayar ba," na ce. Kuka ya ƙwace mini. "Wallahi ban mayar ba, Malam."

Ƙofar ba ta buɗe ba.

Na koma da rarrafe. Na rubuta: Ni na kashe tiriga da sunan Malam, na manta ban kunna ba, na yi ƙarya, na bar shi da laifin. Na sa sunana. Na danna.

Bai goge ba.

Ƙwas. Ƙwas.

Fankokin suka tashi gaba ɗaya, ƙofa ta buɗe da kanta. Ban san yadda na hau matakala ba. Maigadi ne ya tsince ni a kan tabarmarsa, takalmi ƙafa ɗaya, yana tofa mini addu'a a ka.

Da safe Oga ya kira ni, fuskarsa ba annuri. Ya juyo mini da kwamfutarsa. Gyaran ya riga ya shiga tun jiya, asibiti sun ce komai lafiya. A gurbin wanda ya duba ya amince, sunan Malam ne, alhali ni da hannuna na rufe shafinsa ranar da aka sallame shi. Oga bai tambaye ni wannan ba. Dalilin da na rubuta ya karanta, sau biyu, sannan ya ce in ajiye makullan ofis.

Mahaifiyata ta ce matattu ba sa dawowa, amma akwai masu zama a inda aka binne zalunci, kuma sun iya aron murya. Ban yi mata gardama ba. Ni dai tun ranar ba na zama ɗaki ni kaɗai da magariba, kuma ko fitila na kashe sai na koma na duba.

Kamfani ya rubuta takardar wanke Malam, na roƙa a bar ni in kai wa matarsa da kaina. Na durƙusa a ƙofar falo na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta buɗe takardar ba.

"Ai ya sani, ɗana," ta ce. "Tun ranar ya sani. Na ce ya faɗa, ya ce a'a, a bi ka a sannu, za ka zo da ƙafarka." Ta gyara mayafinta, ta dubi ƙofar da na shigo. "Har ranar da ya cika, in aka yi sallama sai ya ce in duba ko kai ne."