Sai Katanga Ta Bushe

Ranar da Lukman, lebura mai wankin katanga da tiyo, ya fara ganin Nazeefa, yana tsaye ne cikin kwata, shebur a hannu, ruwan datti har ƙwauri. Ita kuwa ta fito daga ofishin ƙungiyar masu gidajen estet ɗin, idanunta cike da gajiya. Gida sittin da biyu, kowa da ƙorafinsa, kuma ita ke tsara ranakun wankin katanga, yasar kwata da yankan ciyawa.

"Malam, layi na uku aka rubuta maka yau. Me kake yi a na biyar?"

"Hajiya, ai ruwa bai karanta takardarki ba. Nan yake taruwa."

Ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Washegari ta gyara jadawalin, ta kuma karɓi lambarsa, wai saboda aiki.

Ba a yi wata biyu ba saƙonnin suka sauya launi.

"Mai tiyona, ka ci abinci? Matar gida na sha huɗu ta kira ni sau shida kan ganyen mangwaron maƙwabcinta. Wallahi na gaji."

"Sannu Nazee tawa. Gobe zan share ganyen, ke dai ki huta min."

Sai dai mahaifinta, Alhaji Saleh, shi ne shugaban ƙungiyar, kuma akwai wanda ya kwanta masa a rai a matsayin suruki: Ameer, ɗan kwangila mai digiri da mota. A taron ƙungiya Ameer ya yi alkawarin fente katangar estet ɗin cikin sati ɗaya. Lukman ya ɗaga hannu daga baya.

"Ranku ya daɗe, gansakuka ta cinye katangar nan, ga damina. Sai an kankare, an wanke, ta bushe."

Aka yi masa dariya, aka ba Ameer aikin.

Ranar da Lukman zai je gaishe da Alhaji, saƙonta ya riga shi: "Na ce wa Daddy kana da difloma. Don Allah kar ka musa."

Ya karanta sau uku a cikin bas daga unguwarsu ta Idu. Da Alhaji ya tambaye shi inda ya yi karatu, ya sunkuyar da kai.

"A aji uku na sakandare na tsaya, ranka ya daɗe."

"Tashi ka je," in ji Alhaji.

Nazeefa ta aiko layi ɗaya: "Ka kunyata ni." Daga nan shiru. Sati shida Lukman yana karɓar jadawali a hannun mai gadi, yana wanke dakalin gidansu ba ya ɗaga kai. Ya rame, har tiyon ma nauyi yake masa.

Da Agusta ta kama, sabon fentin ya kumbura, ya shiga ɗayewa falle-falle, koriyar gansakuka tana leƙowa. Wayar Ameer ta daina shiga. Alhaji ya sa aka kira Lukman bakin katanga, Nazeefa na tsaye gefe da takardarta.

"Ka shafa wani a kai kafin taron wata mai zuwa, mutane sun ishe ni. In ka yi, zan sake duba maganarku."

Lukman ya dubi Nazeefa.

"Alhaji, in na shafa, ɗayewa zai sake yi. Sai Nuwamba."

"Kai wai ba ka iya faɗa wa mutum abin da yake son ji ba ne?"

"Ina so, ranka ya daɗe. Ba ya fitowa."

Alhaji ya ɓanɓaro wani ɓawon fenti, ya daɗe yana murza shi a yatsunsa.

"To, Nuwamba. Idan katangar ta bushe, ka turo min manyanka."

Kafin Lukman ya kai bakin get wayarsa ta yi ƙara: "Ka yafe min, mai tiyona. Ni ce na so in shafa maka fenti."

Bayan Nuwamba, a gindin katangar aka kafa rumfar ɗaurin aure, tana fes, ko ɗigon kore babu. Matar gida na sha huɗu ce ta fi kowa guɗa. Alhaji ya dafa kan Lukman ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Aka shafa fatiha, saƙon amarya ya shigo: "Ango, na duba jadawali. Sati guda babu sunanka a ko wane layi. Taho gida ka huta."