Rigar da Ya Ɗinka Ba Awo

"Haɗa masa kayansa, yau zan tafi da ɗana!"

Surukata ce tsaye a ƙofar shagon ɗinkin mijina, ko zama ta ƙi yi.

"Mama, don Allah..."

"Don Allah me? Mutumin da yake ce miki baiwar Allah? Zama da wadda bai sani ba ai ƙara masa ciwo ne!"

Abin da ya fi yi mini zafi, gaskiya ta faɗa. Tun da ya faɗi a babur kansa ya bugu, shekarun baya-bayan nan suka goge masa tas. Ya san mahaifiyarsa, ya san malaminsa na firamare, har wani gurgun zakara da suka yi kiwo yana yaro bai manta ba. Amma ni da aurenmu, ko oho! Wai zakara ya fi ni matsayi.

Likita ne ya ce mana ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya ba ce. "Abin da ya faru da mutum ma'ajinsa daban, abin da hannu ya saba ma'ajinsa daban. Ku mayar da shi bakin aikinsa." Dalilin kawo shi shago ke nan, Mama kuma ta biyo sawu.

Muna cikin haka muka ji ƙarar almakashi. Ashe mijina ne ya shimfiɗa yadi a tebur yana yanka, babu tef, babu rigar gwaji. Ya hau keke. Muka zuba masa ido har ya gama, ya ɗaga rigar a ruɗe.

"Wa na ɗinka wa wannan?"

Na karɓa, na shiga bayan labule na saka. Cif-cif! Har hannun hagu ya sassauta, saboda tabon ƙunar da ke damtsena ba ya son matsi. Duk duniya shi kaɗai ya san haka.

Da na fito, ya zuba mini ido. "Yaya aka yi na..."

"Haka kake yi mini kullum, masoyina."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ɗago.

"Mama, ki yi haƙuri, ba inda za ni. Macen da na sani har haka, tawa ce. Sauran ta tuna mini a hankali."

Daɗi ya kashe ni, sai hawaye shar!

Mama ta share ido da gefen mayafinta.

"Ja'iri! Ni da na haife ka, sai ka auna ni sau biyu!" Ta kamo hannuna ta ɗora a nasa. "'Yata, riƙe mijinki."