Sai Mai Manhaja Ta Yafe

Ranar da Husna ta fara shiga shagon Mutawakkil a bakin kasuwar Bagudo, kwamfutar babanta ta kawo a naɗe cikin zane kamar jinjiri. Ya ɗago zai tambayi me ya same ta, sai ya ɓige da kallonta baki buɗe.

"Malam, kwamfutar ce ba ta da lafiya, ba ni ba," ta ce tana danne dariya.

Ya saka mata Linux, tsarin nan da masu shi suka sakar wa duniya, kowa ya ɗauka ya gyara ya raba. Shi ma ya harhaɗa nasa ƙunshin manhajoji da Hausa, yana saka wa makarantu da 'yan kasuwa daga Zagga har Sharabi. Abin da ya fi jan mutane a ciki wata 'yar manhaja ce mai fassara Faransanci zuwa Hausa, wadda masu tsallakawa Benin ba sa rabuwa da ita. Ita wannan tana da mai ita. Kyauta ya sauke ta a shafinsu, ya cusa a ƙunshinsa, bai wahalar da kansa da karanta lasisin da ke rubuce da Faransanci ba.

Kwamfuta ta warke, amma Husna ba ta daina samo mata sabon ciwo ba. Kafin damina ta fita, ta zama Tauraruwa a bakinsa, shi kuma Likitana a bakinta, har manya sun shiga magana.

Sai Shamsuddeen, wani mai shagon waya da ya daɗe yana zarya ƙofar gidansu Husna ba a ko kallonsa, ya sa aka fassara lasisin ya kai wa babanta. Baban nata kuwa, Malam Ɗanmaliki, mutum ne da ko mangwaron maƙwabci ya faɗo gidansa sai ya aika an mayar.

Ya kira Mutawakkil zaure.

"Yaro, wagga manhaja taka ce?"

"A'a Baba, amma kyauta ake ba da ita."

"Mai abu ya ce kowa shi zo ƙofar gidana shi ɗauka, amma kada wani shi kwasa shi raba cikin kayanai. Kai ka kwasa ka raba. Mi ake kiran wanga?"

Mutawakkil ya ce, "Baba, zan goge ta yau ɗin nan."

"Gogewa ba ta mai da abin da an ka riga an ka ci. Haƙƙi mai shi ka yafe shi, da bakinai. In ban ji da kunnena ba, ban ba ka ɗiyata."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Likitana, kuka nake. Ka san Baba ba ya magana biyu. Don Allah ka nemo mai abin nan ko a ina yake. In ka bar ni, ban san yadda zan yi da raina ba."

Ya amsa: "Tauraruwa, laifina ne, ni zan gyara. Ki riƙe ni da addu'a."

Abin da ya sani game da mai manhajar bai wuce sunan gari ba: Segbana, a cikin Benin. Ya aika saƙo shiru, ya sake aikawa shiru. Ya rufe shago ya bi ta Tsamiya ya tsallaka, layinsa ya ɗauke. Ya yi ta bin shaguna da makarantu da guntun Faransancinsa, ana masa dariya, yana kwana a masallatai.

A gida kuwa Husna ta daina cin abinci. Shamsuddeen ya baza cewa ɓarawon manhaja ya gudu. Ana cikin haka ya turo mata hoto: Mutawakkil a tashar mota, yana riƙe wa wata mace jaka.

Nan take ta rubuta wa Mutawakkil: "Ashe abin da ka tafi nema ke nan. Allah Ya isa tsakanina da kai."

Saƙon bai same shi ba sai da motarsu ta shigo Najeriya. Ya karanta, idonsa ya kawo ruwa. Matar da ke kusa da shi ta leƙa ta ce, "Kira ta ka ba ni." Ya kira, ba a ɗaga ba.

Kai tsaye gidan Malam Ɗanmaliki suka nufa. Matar, wadda ita ce ta cikin hoton nan, Malama Batulu ce, malamar makaranta mai 'ya'ya manya, wadda ta yi shekara da shekaru tana rubuta manhajar da hannunta. Husna na laɓe bayan labule.

"Malam, da farko na ƙi," in ji Batulu. "Na ji haushi ƙwarai. Tsohon kwafi yake rabawa mai kurakuran da na riga na gyara, ana zagina a kasuwa ban san dalili ba. Amma yaron nan ya zauna ƙofar makarantarmu cikin ruwan sama har na ji kunya. Sharaɗina shi ne ya cire ta daga ƙunshinsa, ya bar hanya kawai, mai so ya biyo ta zuwa shafina ya karanta ya amince da kansa. Ya yi a gabana."

"To na baya fa?" Malam ya tambaya.

 Batulu ta dubi Mutawakkil, ta dubi ƙafafun da ke leƙowa ƙarƙashin labule.

"Na yafe, duniya da lahira."

Kukan Husna ne ya fara tona mata asiri. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "To ni ma na ba shi."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, Batulu ce ta kama hannun amarya zuwa ɗakinta. Da mutane suka watse, Husna ta sunkuyar da kai, ta tura wa ango saƙo a waya ga shi a gabanta.

"Likitana, na janye Allah Ya isan nan."

"A saƙo kika yi ta, amma ban yarda a janye ta a saƙo ba," ya ce yana murmushi. "Surukina ya koya mini. Sai na ji da kunnena."

Ta ɗago ido cike da hawaye ta ce, "Na yafe. Kai ma ka yafe mini."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tsoron haƙƙin mutane, amin.