Wutsiyarsu Ɗaya

A motar Omdurman suka haɗu, kan gada, cunkoso ya tsayar da kowa, zafi kuwa ba a magana. Ni'mat ta yini tana koyarwa, muryarta ta dushe. Ta buɗe wasan cike kalmomi na jaridar Turanci don kada barci ya sace ta. Gurbi ɗaya ya gagare ta: inda motoci ke tsayawa, ƙarshensa "tion".

"Station," in ji kwandastan, yana leƙe. "Ita kaɗai na sani, ya ustaza. A can nake yini."

Mika'ilu sunansa, ɗan unguwar Mayo. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga ranar kullum sai ya turo mata ta waya kalma mai wannan wutsiya, wadda ya tsinto a bakin fasinja ko jikin allon talla.

"Attention. Ki ɗan ba ni, Ni'imata."

"Education. Je ka nemo, malalacina."

Da maganar aure ta taso, babanta, Alhaji Idirisu mai shagon fata, ya ce sam. "Kwandasta? Jikan masu tsinkar auduga a Jazira?" Ga Jafaru mai kantin magani yana ta zarya. Ni'mat ta yi magiya har ta gaji. Inna Bakhita ce ta tuna wa mijinta cewa kakansa ma da ƙafa ya zo daga Kano, kuma audugar nan ce ta ciyar da shi.

"To," in ji Alhaji, "in da gaske yake, ya turo manyansa. In bai turo ba, Jafaru zan amsa wa."

Ta sanar da Mika'ilu. Amsar ta zo, kalma ɗaya: "Separation."

Rabuwa. Ko ƙarfin kuka ba ta samu ba. Ta ce wa innarta, "Khalas, shi ke nan, a ba Jafaru." Amma zuciya ta ƙi kwanciya, washegari ta hau mota zuwa tashar Suk al-Shabi, ta same shi yana kiran fasinja.

"Ko da Hausa ba za ka iya sallamata ba?"

"Sallama? Ya habibti, shiri na ce miki! Kawu Badaru na hanya daga Madani, har jallabiya an ɗinka mini."

Ta zauna a bakin mota. "Preparation ake cewa, Mika'ilu."

"To ba ita na rubuta ba? Ai wutsiyarsu ɗaya."

"Kan fa? Kan ne ya kusa kashe ni."

Ta kira gida. Inna ta ce, "Ban gaya wa babanki ba. Na ga idonki jiya."

Bayan babbar Salla aka ɗaura aure a Omdurman. Alhaji Idirisu ya riƙe hannun angon ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Amma ɗana, in magana mai nauyi ce, ka faɗa mata da Hausa."