Wanda Ya Tone Hostar Arlene

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Renner waya, wai an yi sata a lambun wani tsoho, Wendell Haugen. A ƙaramin gari irin nasu na arewacin Minnesota, inda babban laifi shi ne kare ya tsallake shinge, wannan ma aiki ne. Ya ajiye burodin da yake ci shi kaɗai cikin mota, ya tafi.

Ya tarar da tsohon tsaye a gindin bishiya yana kallon ƙasa.

"Baba, me aka ɗauka?"

"Hosta. Shukar nan mai faffaɗan ganye shuɗi, ta matata Arlene."

"To, ai ana sayar da irinta a kasuwa."

Wendell ya ɗago kai a hankali. "Tokar gawarta na ƙarƙashin saiwar, yallaɓai. Bara ta rasu aka ƙone gawar, dama nan ta ce in zuba tokar. Ita nake wa magana da safe. Yanzu da wa zan yi?"

Renner ya ji kunya ta kama shi. Ya durƙusa. Ramin da aka tone shukar an cike shi tsaf, ƙasar a jiƙe. A tsakiya an bar ɗan tsiro guda, an kewaye shi da dakakken ɓawon ƙwai don kada dodon koɗi ya cinye ganyen. Ɓarawo mai ban ruwa, wannan kam bai taɓa gani ba.

"Kai ka zuba ɓawon?"

"Ni? Dabarar Arlene ce, ita da ƙawayenta."

Daga ƙofa akwai allon sayar da gida. Ɗan Wendell ne ya kafa, zai kai uban gidan tsofaffi. Renner ya kira shi a waya.

"Barewa ce ta cinye," in ji ɗan. "Baba ya fara rikicewa, kada ka biye masa."

"Barewar garinku tana riƙe shebur?"

Ɗan ya ce yana da taro.

Maƙwabciyar, Doris Kvale, gwauruwa ce, ta buɗe ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa.

"Ban ga komai ba, ɗana. Ni da gwiwa ta ƙi, ina ni ina tonon ƙasa?"

"Ban ce an yi tono ba, Mama."

Ta kau da kai. A bakin tagar kicin ɗinta faranti ne cike da ɓawon ƙwai yana shan iska. Renner ya nemi izini ya zaga bayan gida. Can cikin inuwa, tsakanin ciyayi masu ganye kamar gashin tsuntsu, ga hosta shuɗiya zaune cikin sabuwar ƙasa.

Doris ta zauna a kan matakala.

"Ni ce. Masu sayen gidan siminti za su malala a wajen, da kunnena na ji. Mu a nan in kana son mutum, hostarka kake rabawa ka ba shi. Arlene ta ce min da kaka za ta raba mana, ba ta kai ba. Ban iya kwashe duka ba, na bar masa ɗa guda."

"Me ya hana ki tambaye shi?"

"Tun ranar jana'iza bai ƙara amsa gaisuwar kowa ba."

"Kin san tokarta na cikin ƙasar da kika ɗebo?"

Ta toshe baki da hannu, hawaye suka zubo. Ba ta sani ba.

Wendell yana jingine da shinge, ya ji komai. Renner ya tambaye shi ko a tono a mayar masa.

"A tsakiyar zafin nan? Sau biyu? Mutuwa za ta yi." Ya daɗe yana kallon ganyen. "Bar ta nan. Ta fi samun inuwa."

An riga an shigar da ƙara, dole Doris ta je ofis ta ba da bayani. Renner ya riƙe mata hannu har mota. Kafin ta shiga ta waiwaya.

"Wendell, sabon dashe ne, tana son ruwa da yamma. Bokiti na bayan ƙofa."

Da motar ta ja, Sufeto ya duba madubi. Tsohon ya tura ƙyauren shiga lambun Doris da ya yi shekara a rufe, yana tafe yana yi wa matarsa magana.