Tudun da Baba Ke Kallon Rana

Ranar da Zaituna ta fara ganin Shamsuddeen, gero take surfe a gindin aduwa, shi kuwa ya shigo ƙauyensu da farar bas cike da baƙi. Sana'arsa ke nan, idan har za a kira ta sana'a. Daga Jega yake kwaso mutane, ma'aikatan Birnin Kebbi da ɗaliban Aliero, wani lokaci har da farar fata, ya bi da su ta Maiyama ya wuce Sarandosa, inda ƙasa ke komawa rairayi zalla. Can zai nuna musu yadda 'yan asalin wurin suke rayuwa, saƙar faifai da ƙira da dakan fura. In rana ta yi sanyi kuma ya kai su fili su zauna su kalli faɗuwarta. Ka ji fa. Ranar da Allah ke faɗar da ita kyauta kullum, ita ake shiga mota a je gani.

Ya matso kusa da turmin ya ce, "Ƙanwata, don Allah sake ɗaga taɓaryar, Hajiya ba ta samu hoton ba."

Zaituna ta dube shi sama da ƙasa. "Geron ya surfu. In na ƙara, tsaki za shi koma. Kai za ka ci shi?"

"In ke kinka daka, har turmin sai in cinye."

"Da haƙoran birni? Bari dai su gama da burodi."

Baƙi suka yi dariya. Shi bai yi ba, tsayawa ya yi yana kallon ta kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Kafin bas ta tashi ya samu lambarta a wajen matar maƙeri.

Daga nan sai waya. Yaran yanzu ba sa jiran a aiko, abin da zuciya ta raya yatsa ya rubuta.

"Zaitun, sanyin maraicena. Yau na kai mutane kallon rana, kowa na duban yamma, ni kaɗai nike duban hanyar gidanku."

Ta amsa: "Sarkin Baƙi, ka dubi gabanka kada ka jefa mutane rami. Na aje maka fura, in ba ka zo ba kaji su sha."

Ya zo. Ya sake zuwa. Har ya kai ga gaida mahaifinta, Malami, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya riƙe ta shi kaɗai tun da mahaifiyarta Kulsum ta rasu tana goye. Malami ya amsa gaisuwa bai ɗago ba. Da yaron ya tafi ya ce, "Ɗiyata, wanga mai tallar talaucinmu ne. Shina kawo mutane su kalle mu kamar birai, su tahi. Ban yi miki tilas, amma ga Lukman nan."

Lukman ɗan ƙanwar Malami ne, dillalin albasa a Aliero, ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba shi da aibu sai dai duk zancensa farashin buhu ne. Zaituna ta sunkuyar da kai, uban ya gane ba Lukman ne a ranta ba.

Wata yamma Shamsuddeen ya zo zance ransa a ɓace. Ya ce baƙi suna ƙorafi, filin da yake kai su kusa da titi ne, tireloli na wucewa, hoto ba ya kyau. Wasu har sun daina kawo abokansu.

Ya ce, "In sana'ar ta mutu, da wace fuska zan tunkari Baba? Dama bai ɗauke ni mai aikin yi ba."

Tausayi ya kama Zaituna. Sai ta tuna wani abu. Can bayan kufan tsohon garinsu, wanda aka tashi daga cikinsa da rijiya ta ƙafe, akwai wani tudun rairayi. Tun tana ƙarama, duk Juma'a da yamma Malami yakan ɗauki sandarsa ya nufi can, ya dawo bayan magariba idanunsa jajur. Ta taɓa tambayarsa, "Baba, mi kake zuwa yi?" Ya ce, "Faɗuwar rana nike kallo, ɗiyata. Ita ka sa min ruwa a ido."

Ta ce wa Shamsuddeen, "Kwantar da hankalinka. Na san wurin da duk ƙasar ga babu irin shi. Babana da kanshi can yake zuwa kallon rana."

Ita ba ta taɓa taka wurin ba. Amma ta kwatanta masa, ya gano hanya ta ɓangaren garin Mungadi, wadda ba ta ratsa ƙauyen.

Wurin kuwa ya yi kyau, ba a cewa komai. Rairayi ja shimfiɗe har iyakar gani, rana ta sauko ta zauna a bakinsa kamar garwashi. Shamsuddeen ya shimfiɗa tabarmi, ya dafa shayi. Ga tsingaro birjik a kan tudun, gutsattsarin tukwane da wuyan tuluna, rabinsu a cikin rairayi. Ɗan birni ne, iska kuma ta daɗe da baje komai, sai ya ce wa baƙi kayan mutanen da ne, ragowar tsohon gari. Wannan ya ciri ɗaya, waccan ta ciri biyu, kowa ya sa a jaka don tunawa. Bai hana ba. Har ya riƙa taya su zaɓen masu zane.

"Zaitun, kin ceto ni. Bas ta cika har ana rigima a kan kujera. Ranar da anka ɗaura, ke zan kai ki gani da idonki."

"Allah shi kai mu, Sarkin Baƙi. Ka ga amfanin mata ke nan."

A lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da Malami, rani ya yi nisa bai leƙa tudun ba. Sai ga Lukman wata safiya da waya a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, ban so in zama mai kawo mugun labari, amma duba nan." Hoto ne da wata ɗaliba ta sa a intanet, tana zaune a kan tudun tana dariya, ta ɗaga wuyan tulu sama kamar ta ci kofin gasa.

Zaituna na bakin murhu ta ga mahaifinta ya miƙe da ƙafar da ba ta taku. Bai nemi sanda ba. Lukman ne ya goya shi a babur.

Da suka dawo, Malami ya zauna a ƙasa a tsakar gida, ba tabarma. Ya aika a kirawo Shamsuddeen daga Jega.

Yaron ya iso da la'asar ya durƙusa. Zaituna na bayan zana tana ji.

Malami ya ce, "Yaro, ka san mi ka shimfiɗa tabarma a kai? Makwancin mutanenmu ne. Mu ba mu rubuta suna a kabari. In anka rufe mutum, sai a fasa tukunyarshi ko tulunshi a kafa guntun a wajen kai, mai shi ya gane. Uwar yarinyar ga tana can. Wuyan tulunta na kafa da hannuna, duk Juma'a nike zuwa in share rairayin da ya hau shi. Yau na tahi, na iske sawun taya da kwalin shayi. Na bi tudun da rarrafe. Ban san inda matata take ba."

Shamsuddeen ya yi salati.

Lukman ya ce, "Wa ya nuna maka wurin? Hanyar ba ta baƙo ba ce."

"Ba kowa. Ni na gano shi da yawona. Laifina ne ni kaɗai, Baba."

Malami ya ce, "Tashi ka bar min gida. Kada in sake ganin ƙafarka."

Zaituna ta san in ta yi shiru ta tsira a idon mahaifinta, ta kuma rasa Shamsuddeen. In ta yi magana, wataƙila ta rasa su duka biyun. Ta ɗaga zanar ta fito.

"Baba, ƙarya yake yi don ya rufa min asiri. Ni na kwatanta mishi."

"Ke?"

"Ni. Mata ba su bin gawa, ba wanda ya taɓa nuna min inda Inna take. Na tambaye ka tun ina ƙarama, ka ce rana kake kallo. Na yarda da kai, Baba. Na ɗauka wurin da ka fi so a duniya ne don kyawunshi."

Malami ya dafe kai. Ya ɓoye mata ne don kada ta taso da kuka, yau ga inda ɓoyon ya kai su. Ya tashi ya shige ɗaka.

Daga ranar gidan ya koma kamar na makoki. Uba da ɗiya suna gaisawa, ba sa haɗa ido. Lukman ya yi ta zarya da goro da kyawawan kalamai, Zaituna ta ce masa, "Yaya, gaskiya ka kawo, ban ƙi ba. Amma na ga fuskarka sa'ad da kake nuna hoton. Murna kake yi." Bai sake dawowa ba.

Saƙo ɗaya kawai Shamsuddeen ya aiko: "Zaitun, ban cancanci in kira ki da wani suna ba yanzu. Zan nemo abin da anka ɗauka. Ki yi min addu'a."

Ya ajiye bas. Ya bi baƙinsa ɗaya bayan ɗaya, daga ɗakunan ɗalibai a Aliero har ofisoshin Birnin Kebbi, yana faɗin abin da ya yi da bakinsa. Wasu suka zage shi, suka ce ya sa sun kwana da kayan matattu a ɗaka. Wasu sun riga sun zubar. Wata Hajiya ta dasa fulawa a cikin nata. Labari ya bazu, sana'a ta mutu murus, har yara a Jega suna kiran sa mai yawon kabari. Da kuɗin da suka rage a hannunsa ya sa aka saro ƙaya, ya kewaye tudun da shinge shi da maƙerin ƙauyen.

Gab da saukar damina ya iso ƙofar Malami da buhu a kai. Bai shiga ba, a waje ya durƙusa ya zazzage. Malami ya fito ya daɗe a tsaye, sannan ya tsuguna ya sa hannu yana juyawa. Can ya ɗago wani wuyan tulu mai zanen ƙafar kaza a gefe. Ya shafa zanen da yatsa.

"Nata ne."

Shamsuddeen ya ce, "Alhamdu lillahi. Mu je a mayar, Baba."

"A mayar ina? Kai ka san wurin? Ita wadda ta cire ta sani?"

Tsingaro ya dawo, kabari bai dawo ba.

Malami ya dubi yaron, ya ga yadda ya rame, takalminsa ya tsinke. Ya ce, "Zuciyata ba ta huce ba, kuma ban san ranar da za ta huce ba. Amma ka yi ƙarya don ka kare ɗiyata, ka kashe sana'arka don ka gyara ɓarnarka. Ni kuwa ƙaryata ce ta buɗe maka hanya. In na kore ka, sai in kori kaina. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan an yi shuka, ba kiɗa ba guɗa, haka Malami ya so, amarya ma ba ta nemi fiye da haka ba. Da za a tafi da ita Jega, ya kira ta ɗaka ya miƙa mata wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Wuyan tulun ne.

"Riƙe, ɗiyata. Da shi take ɗebo ruwan da take miki wanka. Tunda ban iya kai ki wurinta, ga abin da ya rage. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. In sun tambaye ku abu, ku gaya musu gaskiya ko za su yi kuka."

Yanzu Shamsuddeen dakon albasa yake yi da bas ɗin, ya cire kujerun. Duk Juma'a da yamma yakan je ya ɗauki surukinsa su tafi tudun, su tsaya a bakin shinge su ɗaga hannu su yi wa duk wanda ke kwance a ciki addu'a, tunda ba a san na wa ke ina ba. A hanya ba su cika magana ba.

Zaituna kuwa, wuyan tulun na kan jerenta, sama da kwanonin amarci. Mijinta bai taɓa tuna mata alkawarin kai ta ganin faɗuwar rana ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ƙofar ɗakinta yamma take kallo. In rana ta yi ja, sai ta tashi ta sauke labule, ta ɗauki buta.

Allah ya jiƙan Kulsum a duk inda take kwance a cikin rairayin nan, ya zaunar da ɗiyarta lafiya a ɗakin mijinta.